Ladabin da Ya Kori Maulud daga Riyad

Mutane na cewa ladabi ba ya cutar mai shi. Duk wanda ya faɗi haka a gabana yanzu, sai in tambaye shi ko ya san Maulud Tamimu. In ya ce bai san shi ba, in ce to ya gyara zama.

Maulud mutumin Mirya ne, can ƙasar Damagaram. Ni kuwa Bakanuwa ce. Aure ya kai ni Maraɗi, mijin ya kawo ni Riyad, ya mutu ya bar ni da tukwane. A unguwar Utaiƙa nake zaune, bayan kasuwar dabino, ina tuƙa tuwo ina sayar wa 'yan ƙasarmu masu dako. Kun san Bakano da Badamagare ba sa gaisawa sai da zagi. Ranar da ya fara leƙo ƙofata, dogo siriri kamar an zare shi daga zana, na ce, "Wa ya kwance mini bawa ya bar shi yana yawo ba igiya?"

Ya ce, "Ke ce Inna Zuhura? Daga Damagaram aka aiko ni. An ce wata baiwar kakana ta gudo da tukunya, na zo karɓa."

Na ƙara masa tsoka ɗaya saboda bakin nan. Daga ranar, shekara fiye da goma, bai ci tuwon kowa ba sai nawa, in ba hutu ya tafi gida ba.

Aikinsa dakon dabino a rumfar wani dattijon Balarabe, Abu Mish'al. Su shida ne a rumfar, duk Hausawa. Babbar mota ta zo daga gonakin yankin Ƙasim, su sauke katan-katan, su jera, mai saye ya zo su ɗora masa a bayan mota, wata motar ta iso. Abu Mish'al shi ne kafilinsu, wato mutumin da zamanka a ƙasar nan yake rataye a wuyansa. Da sunansa ake sabunta maka iƙama, katin zama ke nan, in kuma ya ce ka tafi, ka tafi. Na ga kafilai iri-iri, har da wanda ko kare ba zai yarda ya yi masa gadi ba, amma wannan tsohon mutumin kirki ne. A ƙasa yake zama ya ci shinkafa da su a faranti ɗaya. Da mahaifin Maulud ya rasu, shi ya kai shi filin jirgi da kansa, ya riƙe masa jaka. Tun daga nan Maulud ya daina ce masa mudir, wato shugaba, sai Baba.

Matarsa Safiatou tana Mirya da yara. Duk bayan shekara biyu yakan je ya duba su, ya bar mata ciki a madadin tsaraba, ya dawo. Gonar gidansu kuwa ƙannensa sun raba ta tun yana nan, kuma ko da ba su raba ba, ƙasar ta gaji, geron da take bayarwa ba ya kai su bazara. Bakin kowa a gidan nan a bayan Maulud yake. Shi kuma bayan nasa ya fara cewa a'a.

Ƙugu ne ya fara. Sai ka gan shi yana tafiya a duƙe kamar wanda allurarsa ta faɗi. A masallaci in ya yi sujada sai kowa ya ɗago ya bar shi, har baƙi suna cewa wannan bawan Allah akwai tsoron Allah. Na ce musu ba tsoron Allah ba ne, tashin ne ke gagararsa. An yi ƙaho, an shafa man zafi har yana warin kantin magani, ya ɗaure ƙugun da tsohon rawani a ƙarƙashin riga. Ranar da abin ya motsa, a tsaye yake cin tuwona, kwano a kan taga.

Nakan ce, "Bawana, ka zauna mana, ko ganin uwargijiyarka ne ya hana ka?"

Shi kuma ya ce, "Wa zai zauna a gidan Kanawa? A sace masa takalmi?"

To, sai ga mitro, jirgin nan na cikin gari. Shekara da shekaru suna haƙa, sun toshe tituna, in za ka unguwar Murabba sai ka zaga kamar mai neman aure a gidan da ba a son shi. Da aka buɗe, aka ce jirgin ba direba, shi yake tuƙa kansa. Na ce madalla, aikin farko da suka samar ke nan, sun bai wa aljani. Ba a daɗe ba kuma aka ce za a ƙara layi, a miƙa shi wasu unguwanni, ayyuka za su samu dubbai. Ranar kowa ya zo cin tuwo da waya a hannu, ana ta karanta wa juna. Miyata ta huce a kwanoni.

Ni dai na san yadda ake rabon irin wannan sa. Cinya da ƙirji na 'yan ƙasa ne, su ne a ofis da wurin tikiti, kuma ba laifi, san ubansu ne. Masu digiri daga nesa su ɗauki hanta. Waɗanda suka iya waya da ƙarfe su samu haƙarƙari. Mu kuwa ƙafafu da fata, tsintsiya da tsumma. Amma wanda ya shekara yana lasar gishiri, ƙafar sa ma Sallah ce.

Wanda ya kawo wa Maulud tasa ƙafar shi ne Jibirilla, wani ɗan Tasawa da a da yake wankin mota a bakin kasuwa. Ya samu shiga wani kamfanin shara da goge-goge a tashar mitro ta wajen Murabba. Cikin 'yan watanni ya yi kumatu, ya yi haske, har da wata 'yar mura ta sanyin na'ura da yake ja da hanci don a tambaye shi. Ya ce kamfaninsu ya samu rabo a sabon aikin, za a kwashe tsofaffin ma'aikata a kai can, ana neman waɗanda za su maye gurbinsu.

Maulud ya ce, "Me ake ɗauka?"

"Ba a ɗaukar komai, yaya. Ka san matakalar nan mai tafiya da kanta? Akwai baƙin roba a gefe da ake dafawa. Kai dai ka tsaya a ƙasa, ka ɗora tsumma a kai. Shi ne zai yi ta zuwa yana wucewa ta ƙarƙashin hannunka har ya goge kansa."

"A tsaye kawai?"

"A tsaye, cikin sanyi."

Maulud ya ajiye lomar da ya ɗauko. Na taɓa ganin namiji yana kallon mace haka, ban taɓa ganin yana kallon tsumma haka ba. Ya je, shugaban masu sharar ya dube shi, ya ce ya yi. Kuma abin ya zo daidai, don yarjejeniyarsa da rumfar dabino za ta ƙare da ƙarewar kakar dabinon bana. Jibirilla ya yi masa bayani dalla-dalla a gabana. Ya ce yanzu doka ta sassauta, in wa'adinka ya cika kana iya komawa wani wurin ko kafili bai so ba. Kamfani zai turo buƙata ta waya, ka danna ka amince, shi ke nan.

"Amma yaya, ka rufe bakinka har ranar. Wuƙa ɗaya ta rage a hannun kafili, huruj niha'i, fita ba dawowa. In ya riga ka ya buga maka ita, ba kamfanin da zai iya taɓa ka. Ko matarka kada ka gaya wa."

Na ce, "Ka ji ko? Ka mai da bakin nan naka na Damagarawa aljihu."

Ya yi dariyar yaƙe. Kwanaki kaɗan sai na ga yana rage tuwo. Mutumin da yake suɗe kwano har in ga fuskata a ciki. Wata rana da mutane suka watse na tsare shi.

"Me ke cin ka? Ko Safiatou ta gano akwai maza masu ƙugu a Mirya?"

"Inna, abin nan bai kwanta mini ba. Mutumin da na ci gishirinsa shekara da shekaru, ya riƙe mini jaka ranar mutuwar ubana. Kullum in gaishe shi ina dariya, alhali na ƙulla kayana a ɓoye? Sai dai ya wayi gari a ce masa Maulud ya sulale kamar ɓarawon akuya?"

"Ka sulale ɗin. In ka kama aiki ka sayi goro, ka je ka durƙusa ka yi masa kuka har majina. Sallama ba ta ruɓewa."

"Wannan sallamar Kanawa ce. A garinmu ko ɗan ƙodago ba ya ajiye fartanya sai ya je gaban mai gona ya nemi a sallame shi, a yafi juna, a sa masa albarka. Aikin da aka shiga ba albarka, ina amfaninsa?"

"Amfaninsa sanyi da tsumma. Maulud, ka dube ni. Baban da kake magana, yaushe rabonka da ganinsa a kasuwa?"

Ya san inda na dosa. Tun bara ɓarin jikin Abu Mish'al ya shanye, yana gida a kwance. Rumfa da takardu da wayar da ake danna rayuwar mutane a cikinta duk suna hannun ɗansa Mish'al. Shi kuma ba zan ce mugu ba ne. Ya yi karatun kasuwanci, yana da tsabta, ba ya zagi. Sai dai bai san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, duk Muhammad yake ce musu. In ya dubi rumfa, hannaye goma sha biyu yake gani, yana lissafin ko za su isa kaka.

Na faɗa masa duk wannan. Ya ce, "Ai wurin Baba zan je, ba wurin ɗan ba."

Da shi kaɗai ya je ya raɗa wa tsohon a kunne, wataƙila da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma sai ya kai shawara wurin Malam Rabilu, babbansu a rumfar, wanda yake ja musu salla. Malam Rabilu mutum ne mai gemu da natsuwa, irin waɗanda in suka ba ka shawara sai ka faɗa rijiya kana godiya. Ya ce abin da Maulud ya yi niyya shi ne tarbiyya, amma ba a zuwa gaban babba kai kaɗai kamar wanda ba shi da dangi. Dole a yi masa rakiya, dattijo ya yi magana a madadinsa, sauran su zama shaida, don a san an girmama mai gida.

Da na ji, na aika aka kira mini shi. Na ce, "Malam, nan fa ba garinku Tibiri ba ce. A nan in ma'aikata suka taru suka nufi gidan mai gida, ba girmamawa ake gani ba."

Ya shafa gemu ya ce, "Hajiya, alheri yarensa ɗaya ne a ko'ina."

Na ce, "To Allah ya sa Mish'al ya yi makarantar."

Ranar Juma'a bayan la'asar suka shirya, ana tsakiyar kaka, lokacin da kasuwa ke tafasa. Ta ƙofata suka wuce. Shadda ta sha guga, huluna sun zauna, turare kamar za a ɗaurin aure. Maulud na tsakiya da ƙunshin kilishi da goro da kwalbar turare, ya miƙe ƙugun nan da ƙyar don kada rigar ta ji kunya. Rumfar kuwa sun roƙi maƙwabci ya sa mata ido, wai yanzu za su dawo.

Na ce, "Ina amaryar?"

Ya ce, "Ki ajiye mini ƙanzo, baiwar kakana."

Abin da ya faru a gidan, daga bakinsu na ji, kuma bakunansu ba su saɓa ba. An shigar da su falon baƙi, aka turo tsohon a keken marasa lafiya. Malam Rabilu ya buɗe da addu'a, ya kawo tarihin zaman Maulud tun daga farko, ya yabi tsohon, ya yabi iyayensa, kafin ya iso kan maganar har shayi ya huce. Abu Mish'al ya gane. Ya kama hannun Maulud da hannunsa mai lafiya, hawaye na zuba ta ido ɗaya, ya ce da rabin baki Allah ya sauƙaƙa, ya yafe masa duniya da lahira. Maulud ya ce a lokacin ji ya yi kamar an sauke masa buhu daga ka.

Ana cikin haka Mish'al ya shigo da waya a kunne. Ashe mota ta iso daga Ƙasim, direba ya tarar ba mai saukewa, dabino na dahuwa a rana, shi ne ya kira shi. Ya zo gida neman makullin wani abu, sai ga ma'aikatansa gaba ɗaya a jere a falon ubansa cikin kayan Sallah, uban na kuka.

Ya tambayi abin da ke faruwa, aka gaya masa. Ya ce, "Dukanku za ku mitro?"

Malam Rabilu ya ce a'a, Maulud ne kawai, su rakiya suka yi.

"Mutum ɗaya zai faɗi magana ɗaya, shi ne sai mutum biyar sun bar mini kaya a rana?"

"Girmamawa ce, ya mudir. Haka muke yi."

Mish'al ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a kan na farko ya ce, "Kai, Muhammad, in sun kira ka gobe, za ka?" To ku kun san ɗan Hausa in babba ya tsare shi da ido a gaban mutane. Sai ya sunkuyar da kai ya yi shiru, yana wasa da bakin riga. Na biyu ma haka, har na biyar. Su a wurinsu kunya ce. Shi kuwa ya ga mutum biyar da aka tambaya ko za su gudu, ba wanda ya ce a'a.

Bai ɗaga murya ba. Har gahawa ya zuba musu da hannunsa, ya karɓi kilishin ya yi godiya, ya ce su hanzarta wurin mota. Suka fito suna ta yabon tarbiyyarsa. Malam Rabilu har yana cewa a hanya, ina Hajiya Zuhura ta zo ta gani.

Ba su gama sauke motar ba saƙo ya shigo wayar Maulud. Shi Larabcin baki ya iya, na rubutu sai a hankali, don haka da ya zo cin tuwo ya miƙa wa Jibirilla yana murmushi, yana zaton kamfanin ne suka turo da wuri. Jibirilla ya karanta, ya sake karantawa, ya ajiye wayar a kan tabarma kamar mai zafi.

"Yaya, me ka yi?"

"Sallama na je."

"To an sallame ka. Huruj ne."

Ba wanda ya ƙara tauna. Can sai Malam Rabilu ya yi gyaran murya ya ce wannan rashin fahimta ce, abin da ya kamata shi ne gobe su sake shiri su koma gaba ɗaya su ba da haƙuri. Ban san lokacin da muciya ta zo hannuna ba. Na ce duk wanda ya sake sa shadda a unguwar nan kafin a gama kaka, da ita zan yi masa guga.

Maulud ya sami Mish'al shi kaɗai a rumfa. Ya rantse masa ba wanda ya zuga, ba wanda zai bi shi, ya roƙe shi ya janye. Mish'al ya saurare shi yana duba waya, ya ce, "A gama kaka tukuna, sai mu gani, in sha Allah." Maulud ya dawo mini da wannan in sha Allah ɗin a tafin hannu kamar ƙwai. Ni kuwa na daɗe a ƙasar nan, na san wadda ake faɗa ana kallon idonka, na san wadda ake faɗa ana kallon waya. Ban gaya masa ba. Ranar ce na fara riƙe bakina a gabansa, kuma ya lura, don ya ce, "Inna, yau ba zagi? Ko ba ki da lafiya?"

Shugaban masu shara ya ce ba abin da zai iya yi da mutumin da aka buga wa fita, sai kafili ya soke. Zai ɗan riƙe masa gurbin, amma ya sani mutane na layi a ƙofa. Maulud ya koma wurin tsohon, wannan karon shi kaɗai. Abu Mish'al ya yi ta kuka yana kiran a kawo masa waya, aka kawo, bai ma san lambobin buɗe ta ba. Da zai fito, matar gidan ta aiko a gaya masa don Allah kada ya sake zuwa, jinin tsohon na hawa.

Sai ya koma ga abin da ya iya. Ya ce in Mish'al ya ga aikinsa zai ji kunya. Mutumin da ya kamata ya lallaɓa ƙugu har wa'adi ya cika, shi ne ya koma ɗaukar katan bibbiyu, shi ne farkon zuwa, shi ne na ƙarshen tashi. In mota ta iso kafin a ce wa zai hau, ya hau. Na ce masa, "Bawana, jaki ma in ya ga ana yabonsa yakan rage sauri." Ya ce saura kaɗan. Da gaske sauran kaɗan ne, ga kakar, ga kwanakin da aka ba shi ya bar ƙasar, suna tsere da juna.

Ƙugun ne ya riga su duka. Wata safiya yana sauko da kaya daga mota, sai kawai ya zauna. Ba faɗuwa ya yi ba, zama ya yi a tsakiyar dabinon da ya watse, ya dubi ƙafafunsa kamar na aro. A kurar kaya suka turo shi gidana, don ɗakinsu a sama yake. Asibiti suka ce wani abu ya goce a ƙashin baya, ya danne jijiya. Aka ba shi ƙwayoyi, aka ce ya kwanta, kada ya ɗauki abin da ya fi buta.

Kaka ta ƙare yana kwance a tabarmata. Jibirilla ya je wurin Mish'al, ya ce yanzu ai Maulud ba shi da amfani a rumfa, a sake shi ya je ya riƙe tsumma. Mish'al ya ce in ya soke wa wannan, gobe sauran biyar za su zo masa da shadda. Kada in yi masa ƙarya, bai ci wa Maulud ko riyal ba. Ya biya shi haƙƙinsa cif, ya yanka masa tikiti, har da katan ɗin dabino mai kyau na tsaraba.

Na ce wa Maulud ya zauna. Ba shi ne na farko da zai zauna ba takarda a unguwar nan ba, ɗakina na baya ya ɓoye waɗanda suka fi shi tsawo. Ya ce, "Inna, mai zama ba takarda da ƙafa yake zama. In an ce ga 'yan sanda, da me zan gudu? Ki ɗauke ni a ka?"

Na ce, "Bawa a kan uwargijiya? Duniya ta tashi."

Ya yi 'yar dariya, ta taɓa masa ƙugu, ya daina.

A keken marasa lafiya aka shigar da shi filin jirgin Sarki Khalid. Ni ban je ba, na ce tuwona zai ƙone. Gurbin nasa wani aka bai wa tun kafin ya tashi, ban tambayi ko wane ne ba. Mutum biyar ɗin nan kuwa suna nan suna dako. Mish'al ya san abin da ya yi, don yanzu in Jibirilla ya shigo cin abinci sai su matsa da kwanoninsu can gefe, kamar mai kuturta ya zo. Kalmar mitro ba ta ƙara fita daga bakin ɗayansu ba. Malam Rabilu yana zuwa, yana ci, yana cewa komai rubutacce ne. Ina zuba masa miya, ba na sa masa nama.

Kwanan baya Maulud ya kira ni daga Mirya. Ina jin kukan akuya da na yara a bayansa. Na ce, "Wa ya ba bawa waya?" Bai rama ba. Ya tambayi mutanen rumfa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi jikin Baba, sannan ya ce, "An fara haƙa sabon layin?"

Na ce an fara, manyan motoci sun hana mu barci.

Ya ce, "Allah ya ba masu rabo."

Sai na ji an karɓe wayar. Muryar mace ce, a hankali, kamar ta fita waje ta rufe ƙofa. Ta ce ita ce Safiatou, ta gaishe ni da girmamawa. Ta ce babban ɗansu, Moussa, ya bar makaranta, wani dillali a Damagaram ya ce zai samo masa bizar Riyad, wai ana ɗaukar mutane aikin jirgi. Uban bai sani ba tukuna. Ta ce in ya iso, don Allah in riƙe shi kamar yadda na riƙe ubansa.

Na buɗe baki in ce mata ta ɗaure shi a turke. Sai ta ce hatsin da ya rage musu ba zai kai watan gobe ba.

Na ce ta turo shi.